Daga bukka ta biyu na juyo: rahoton tseren Dutsen Kamaru

'Yan uwa masu koyon gudu, assalamu alaikum. Yau kwana 24 da dawowata daga Buea, garin da ke gindin Dutsen Kamaru inda na je tseren hawan dutsen, kuma sai a wannan satin gwiwata ta dama ta bar ni na sauko daga bene ba tare da na dafa bango ba. Na yi muku alkawarin zan faɗi yadda aka yi ko da ban kai ƙarshe ba. To ban kai ba. Na juyo daga bukka ta biyu, ɗaya daga cikin wuraren hutawa da ke kan hanyar hawan, kuma saukowar ce ta fi ba ni wuya a duk ranar, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Bari in fara da abin da ke cikin ɗan littafin da nake rubuta atisayena, domin a can aka yi ɓarnar tun kafin in taka dutsen.

A watan Nuwamba ina fita sau uku a sati bayan sallar Asuba, kilomita 8 kowace fita, daga unguwarmu ta New Bell a Douala zuwa wajen gadar Wouri in dawo. Disamba ta zo da cinikin ƙarshen shekara, ba na rufe shago sai dare ya yi nisa, a duk watan sau biyar kawai na ɗaura takalmi. A Janairu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana goma, na tashi jiki ba ƙwari. Gudu mafi tsawo da na yi a duk wannan shiri kilomita 16 ne, shi ma a kan kwalta shimfiɗaɗɗiya. Duk wanda ya san Douala ya san gari ne na bakin ruwa, ɗan tudun da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Da wannan guzuri na tunkari tseren kilomita 38 wanda ake tashi daga filin wasa na Molyko a Buea, a hau har ƙololuwar dutsen da ya haura mita 4,000, sannan a juyo a dawo inda aka tashi. Hawan kaɗai ya fi mita 3,000, kuma duk abin da ka hau sai ka sauke shi da ƙafarka.

Wani dattijo da muke gudu tare, wanda muke ce wa Baba, ya ja ni gefe sati biyu kafin ranar. Ya ce in bari sai baɗi. Na ce masa na riga na biya kuɗin rajista, na kuma sanar da mutane. Ya dube ni ya yi shiru. Da aka yi mana gwajin likita aka ce jinina da bugun zuciyata lafiya lau, sai na ɗauki wannan a matsayin shaidar na shirya. Likita kuwa lafiya ya auna, bai auna ko cinyoyina sun taɓa sanin gangara ba.

Wannan tsere tun 1973 ake yin sa, a lokacin kamfanin Guinness ne ke ɗaukar nauyi, daga baya aka sa masa suna Race of Hope, wato tseren kyakkyawan fata. Yawanci a watan Fabrairu ake yi, lokacin rani. Mutanen Buea sun ɗauke shi kamar sallarsu. Tun da sassafe bakin titi ya cika maƙil, ana ganguna, ana kiran sunayen gwanaye. Ko'ina ka juya sai ka ji an ambaci Sarah Etonge, matar da ta lashe rukunin mata har sau bakwai, suke ce mata sarauniyar dutse. Wannan ɗumin taro shi ya fara cutar da ni. Kilomitocin farko kwalta ce, amma kwalta mai hawa ba sassauci, tun daga Molyko har a ratsa cikin gari a kai Upper Farms, inda kwaltar ta ƙare. Na bi ayari da saurin da nake yi a Douala. Kafin in bar kwalta rigata ta jiƙe sharkaf, numfashina ya koma ta baki, alhali ko dutsen ban fara ba.

Daga Upper Farms aka shiga daji. Nan ne wurin da na fi jin daɗi: inuwa, sanyin ganye, saiwoyin itatuwa sun zama kamar matakala. Na daina gudu na koma tafiya mai sauri, hannuwana a kan cinyoyi ina tura jiki sama, kamar yadda na ga 'yan gari suna yi. Wannan dabara tana aiki ƙwarai, ku riƙe ta. A hawa mai tsauri, mai tafiya da ƙarfi ba ya rasa komai a kan mai ƙoƙarin sassarfa, kuma numfashinsa ya fi daɗewa. Na isa bukka ta ɗaya, wajen mita 1,850, ina jin har yanzu da sauran ƙarfi. Na sha ruwa, na ci dabino uku, na wuce.

Ba a jima da barin bukka ta ɗaya ba daji ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Sai ciyawa da baƙin dutse, ba inuwa, hanya ta miƙe tsaye a gabanka. Dutsen Kamaru mai aman wuta ne, ya yi a 1999 ya kuma yi a 2000, shi ya sa ƙasarsa ba irin tamu ba ce. Duwatsun masu kaushi ne kamar dutsen goge kaushin ƙafa, in ka dafa sai su kankare maka tafin hannu, a tsakaninsu kuma tsakuwa ce mai zamewa. Ka ɗaga ƙafa ka taka, ta dawo da kai rabin taku baya. A nan na fara ƙirga taku: hamsin in tsaya, sannan talatin, daga baya ashirin.

Ina cikin wannan hali na ji ana ihu daga sama a ba da hanya. Na raɓe jikin wani dutse. Na gaba-gaba ne sun riga sun taɓo ƙololuwa suna dawowa. Na farkon ya wuce ni kusa da kusa, har tsakuwar da ya taso ta bugi ƙaurina. Ɗan siriri ne, takalmin roba mai araha a ƙafarsa da safa, gwiwarsa ɗaya na jini bai ma san tana yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake taka ƙasa. Takunsa gajeru ne, masu sauri, ƙafa ba ta daɗewa a wuri ɗaya, hannuwa a buɗe kamar mai tafiya a kan katanga, idonsa na can gaba ba a kan yatsunsa ba. Ba ya birki ko kaɗan. Irin waɗannan a cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka suke gama tseren gaba ɗaya. Ni a lokacin na haura awa uku da rabi, ban ko hango bukka ta biyu ba.

Na isa can bayan awa huɗu da minti arba'in. Bukka ta biyu tana wajen mita 2,850. Iska a wannan tsayi ta ragu, abin da kake shaƙa wajen kashi 70 ne cikin ɗari na wanda ka saba da shi a bakin teku, ni kuwa daga bakin tekun na taso kwana biyu kafin nan. Kaina ya ɗauki sara, zuciyata na tashi, dabinon ma na kasa haɗiyewa. Sanyi ya kama jiƙaƙƙiyar rigata, domin kowane hawan mita 1,000 yana rage zafi da wajen digiri 6, ga iska ba abin da ke tare ta. Jijiyar bayan ƙafata ta hagu ta ɗaure, na zauna ina murzawa. Na ɗaga kai na dubi abin da ya rage, fiye da mita 1,000 na hawa. Na tuna ɗan tseren Kenya da ya faɗi ya rasu bayan ya kai ƙarshen wannan tsere a 2024, shi da gudu ne sana'arsa. Na tuna maiɗakina da yara. Na je na gaya wa masu rubuta lamba cewa na tsaya. Ban yi nadamar wannan shawara ba ko na minti ɗaya, kuma duk wanda kansa ke sara yana jin amai a irin wannan tsayi, ina roƙonsa ya yi ƙasa, kada ya ƙara taku ɗaya sama.

A raina na ɗauka wahala ta ƙare, tunda yanzu gangara ce. A nan ne na yi kuskuren lissafi mafi girma.

Minti ashirin da fara sauka cinyoyina suka soma rawa. Ba gajiyar numfashi ba ce, numfashina ya dawo daidai. Naman gaban cinya ne ya ƙi riƙe ni. Ga abin da ke faruwa, kamar yadda na fahimta daga baya: in kana hawa, naman cinya yana tsukewa ne ya ɗaga ka. In kana sauka kuwa, yana miƙewa ne alhali yana ɗauke da nauyinka, yana yi maka birki a kowane taku. Wannan aikin birki shi ne ya fi yayyaga ƙananan zaruruwan nama, kuma gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ya koya wa jiki shi, ko da shekara kake yi. Ni kuma tsoro ya sa na ƙara wa kaina: ina jingina baya, ina miƙe ƙafa, ina dira da diddige, wato birki a kan birki. Kowane taku sai na ji shi a cikin gwiwa. Yatsuna suna ta karo da bakin takalmi, domin takalmin titi ne daidai ƙafata, ba sarari a gaba, ƙasansa kuma sumul ba ya kama tsakuwa. Sau huɗu na faɗi. Wani wurin zama na yi na ja jiki da mazaunai, wani wurin na juya na sauka da baya ina dafa duwatsu kamar mai saukowa daga tsani.

Wani saurayi ɗan gari, mai ɗaukar kaya, ya iske ni a haka. Bai ce komai ba, ya miƙo mini sandarsa ya nuna mini in riƙa taka ƙasa a karkace, in lanƙwasa gwiwa kaɗan, in gajarta taku. Ya yi tafiya a gabana har bakin daji sannan ya wuce. Ban san sunansa ba, Allah Ya saka masa da alheri. A kusa da bukka ta ɗaya na yi taimama na sallaci Azahar a zaune. Na kai Upper Farms bayan awa huɗu da 'yan mintuna da barin bukka ta biyu, kusan daidai da lokacin da hawan ya ci, na hau babur zuwa masauki.

Washegari da sauƙi-sauƙi. Kwana na biyu da na uku su ne bala'in, domin irin wannan ciwon nama sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kai maƙura. Ruku'u ya gagare ni, balle tashi daga sujada, kwana huɗu a kan kujera nake salla. Faratan manyan yatsuna biyu sun yi baƙi, ɗaya ya riga ya fita. Baba ya zo duba ni, bai tuna mini maganarsa ba, abin da ya tambaya kawai shi ne launin fitsarina. Ya ce in ya koma kamar baƙin shayi, in tafi asibiti a take, domin alama ce naman da ya lalace yana yi wa ƙoda nauyi. Nawa bai kai haka ba, alhamdu lillahi, amma ku riƙe wannan, kuma kada ku yi ta ɗirkar maganin kashe ciwo a irin wannan hali ba tare da shawarar likita ba.

Yanzu ga inda nake. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne jiki yana koyon birkin nan da wuri. In ka sha ciwon gangara sau ɗaya, na biyu ba ya kai shi zafi, muddin ba ka bari an daɗe ba. Don haka na sake tsarin gaba ɗaya. Na samu wani bene mai hawa shida kusa da kasuwa, maigadin ya yarda in riƙa shiga kafin a buɗe ofisoshi. Ina hawa da tafiya, ina saukowa a hankali, ina ƙirga uku a kowace matakala kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Ranar farko sau uku kawai na yi. A gida kuma ina tsayawa a kan bulo da ƙafa ɗaya in sauke ɗayar sannu a hankali, goma-goma. Ku da kuke Yaoundé kuna da Mont Fébé, na Kano kuna da Dala da Goron Dutse, kada ku riƙa hawa kawai ku ɗauki saukowa a matsayin hutu, ku ba ta nata lokacin.

Na kuma yanke cewa daga watan gobe, duk sati biyu zan shiga mota zuwa Buea ranar Lahadi, tafiyar wajen kilomita 70 ce. Zan nemi ɗan jagora, tunda dutsen gandun gwamnati ne tun 2009 kuma ba a shiga kai tsaye, in hau daga Upper Farms zuwa bukka ta ɗaya in dawo, da ƙafa, ba gudu. Sai na yi wannan sau huɗu ba tare da cinya ta yi rawa ba sannan in ƙara zuwa bukka ta biyu. Takalmi kuma na sayi mai gargada a ƙasa, na ƙara rabin lamba saboda yatsu. A kan bene nake gwada cin dabino da ɗan gishiri duk bayan rabin awa, don ciki ya saba da karɓar abinci ana cikin motsi.

Jiya Asabar na yi benen sau bakwai, minti 38, gwiwar dama ta ɗan yi magana a sauka ta shida amma ba ta kumbura ba. Ranar Talata zan gwada takwas, in ta yi shiru in ƙara da sassarfar kilomita 4 a hanyar komawa gida.