Jirgin sama a kan teburina

Duk wanda ya ji ana tuƙa jirgin sama a kwamfuta, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne kuɗin kayan. Ya ga hotuna a intanet, mutum ya mayar da ɗaki sukutum wurin zaman matuƙi, allo uku ko huɗu, maɓallai har rufi, sai ya ce wannan sai masu hannu da shuni. Ni da sandar tuƙi guda ɗaya na fara, ita ma ta hannu, da kwamfutar da nake aiki da ita. Abin da na gani tun daga lokacin shi ne kowane kaya da ranarsa, kuma jirgin ne da kansa yake nuna maka abin da ya kamata ka saya na gaba.

Manhajojin da aka fi sani uku ne. Microsoft Flight Simulator ya girmi yawancin masu buga shi, don tun 1982 aka fitar da na farko. Wanda ya ja hankalin duniya shi ne na watan Agustan 2020, da kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya gina, inda aka ɗora duniya gaba ɗaya daga hotunan tauraron ɗan'adam na Bing, tare da yanayin sama na ainihin wannan ranar. Wani sabo ya biyo baya a Nuwamban 2024. X-Plane kuwa, na Austin Meyer, yana yanka fiffike gunduwa-gunduwa a lissafi, ya auna yadda iska ke bugun kowane yanki, shi ya sa masu son jin halin jirgi a hannu suke riƙe da shi. Ana iya sauke na gwaji kyauta, yana ba ka minti 15 kana tuƙi. Na uku FlightGear ne, kyauta ne ɗungurungum, kuma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta. Da shi na fara, kuma har gobe shi nake nuna wa duk wanda bai tabbatar abin zai zauna masa a rai ba.

Kafin a kai ga sanda da feda, mu nan Kano akwai abubuwan da mai wasa a Jamus ba ya ko tunaninsu. Wuta ita ce ta farko. Tafiya daga Kano zuwa Abuja a ƙaramin jirgi takan kusa cin awa biyu, kuma babu abin da ya kai ciwon a ɗauke wuta kana hango fitilun titin sauka. Saboda haka kuɗin da na fara tarawa da niyyar sayen kayan tuƙi, inbata da batir suka tafi. Sai zafi. Katin hoto na kwamfuta yana aiki tuƙuru a wannan wasa, a watan Afrilu kuwa ɗakin da kansa ya riga ya ɗauki zafi, sai katin ya rage gudunsa don kada ya ƙone, hoton ya fara tsinkewa. Na ɗaga akwatin daga ƙasa, na sa masa fanka ta musamman, ina kuma kai shi a busa masa bulawa lokaci-lokaci. Ga kuma data. Na 2020 yana neman wurin giga 150 a faifai, kuma kana tashi yana ci gaba da jawo hotunan ƙasa daga intanet. Akwai wurin da ake ƙayyade masa yawan datar da zai sha, akwai kuma ma'ajiyar da ke riƙe wuraren da ka saba bi don kada ya sake sauke su. Wanda bai taɓa waɗannan saituna biyu ba, datar wata za ta iya ƙare masa a mako. Game da kyan hoto, firem 30, wato hotuna 30 da allo ke nunawa a daƙiƙa, waɗanda ba sa rawa sun wadatar. Na rage gajimare da inuwa, ban rasa komai ba a wajen sauka.

Jirgin da na zauna a kansa shi ne Cessna 172, mai kujeru huɗu da farfela ɗaya a hanci. Tun 1956 ake ƙera shi, an yi sama da 44,000, babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa, kuma makarantun tuƙi da yawa a duniya da shi suke koyarwa. Ana ɗaga hancinsa a not 55, kusan kilomita 100 a awa ke nan, a hau sama a wajen 74, a zo sauka tsakanin 60 da 70. Waɗannan lambobi uku sun ishe ka aikin watanni.

Da sandar kaɗai na iya tashi, na iya juyawa, amma hannuna ba ya hutawa. Kullum ina ja ko ina turawa, jirgin yana hawa yana gangarowa. Ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda a lokacin yake karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ya zo hutu ya tsaya a bayana yana kallo. Can ya ce, "Yaya, sakar masa sandar mu gani." Na saki. Hancin ya yi sama nan take, gudu ya fara zubewa. Ya ce, "To ka gani, kokawa kake yi da shi. Saita totur, riƙe hancin inda kake so, sannan ka murza tirim har ka ji nauyin ya bar hannunka." Ya ja kujera ya karɓa. Yatsu biyu kawai ya ɗora a kan sandar, babban yatsa yana ɗan taɓa maɓallin tirim, taɓawa ɗaya, ya jira, ya ƙara ɗaya. Da ya ɗauke hannunsa gaba ɗaya, allurar tsayi ta tsaya cak a ƙafa 3,500. Tirim ɗin wani ɗan ƙaramin marfi ne a bayan wutsiya da ke riƙe maka hancin, kuma tun daga ranar na mayar da shi kan maɓallai biyu mafi kusa da babban yatsana. Ko kwabo ban kashe ba, amma a duk abin da na canza babu wanda ya gyara mini tuƙi kamarsa.

Feda ce kaya ta biyu da na saya, kuma titin jirgi ne ya tilasta mini. Idan ka cika wa Cessna totur, farfelar tana juyawa gefe guda, iskar da take turawa tana naɗe jikin jirgin ta bugi wutsiya, sai hancin ya nufi hagu. Matuƙi na gaske da ƙafar dama yake gyara wannan. Sanduna da yawa, irin su Logitech Extreme 3D Pro, ana murɗa su hagu ko dama su yi aikin fedar, kuma hakan yana fitar da mai farawa. Sai dai hannu ɗaya yana ja, yana karkatarwa, yana kuma murɗawa, dole ɗayan ya shiga cikin ɗayan, musamman ranar da iska ke bugowa daga gefe. A irin wannan saukar ana karkata fiffike wajen iskar, a taka fedar ɗaya gefen don hancin ya miƙe da titi, taya ɗaya ta fara taɓa ƙasa kafin 'yar'uwarta. Sai da ƙafafuna suka karɓi rabonsu na aikin sannan na fara yin wannan da kyau. A kan tayil fedar tana zamewa, kujera mai taya kuma tana gudu baya duk sanda ka taka birki. Wani mai walda a unguwarmu ya haɗa mini ɗan firam na ƙarfe da ya riƙe su biyun wuri guda.

Hunturu ya koya mini abin da ke cikin sandar. Wata rana na ga sitiyarin jirgin a allo yana karkarwa alhali ban taɓa komai ba. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya kwance ta, ya nuna mini wani ɗan abu mai ƙafa uku, ya ce, "Alhaji, ai wannan shi ne na ƙarar rediyo. Ƙura ce ta shiga." Gaskiyarsa. A ciki akwai ɗan harshen ƙarfe da ke gogar wata baƙar hanya, da ƙura ta shiga ko hanyar ta cinye, sai saƙon ya riƙa tsalle. Ya fesa masa mai wankewa ya lafa na ɗan lokaci. Da na tashi sauyawa, sai na nemi mai aiki da maganaɗisu, irin Thrustmaster T.16000M, inda babu abin da ke gogar wani, na'ura ce kawai ke auna matsawar maganaɗisun. A ƙasar da ƙura ke shiga har cikin akwati a kulle, wannan ne abin da nake fara tambaya a kan kowace sanda, kafin yawan maɓallanta. Idan na gama kuma ina rufe komai da zane.

Abu na gaba shi ne waiwaye. Zagayen filin jirgi, wanda shi ne tushen koyon sauka, yana buƙatar ka leƙa ta tagar hagu ka ga titin ya koma bayan fiffike kafin ka juya. Akwai TrackIR da ake maƙalawa a hula, yana da kyau, yana da tsada. Akwai kuma OpenTrack, manhaja ta kyauta da ke bin motsin kanka ta ƙaramar kyamarar kwamfuta. Ka ɗan juya kai kaɗan, kallon cikin jirgin ya juya da yawa. Daren farko sai da kaina ya ɗan yi nauyi, daga baya na daina lura da ita sam. A ganina ta fi ƙarin allo biyu amfani.

Inda abin ya fi shiga raina shi ne tashi daga gida. Filin Malam Aminu Kano, DNKN a harshen matuƙa, babban titinsa 06 da 24 ne, wato idan ka tashi a 06 kana fuskantar digiri 60, arewa maso gabas, daidai inda iskar hunturu ke fitowa. Garin nan ne jiragen sojan saman Ingila suka sauka a 1925, kuma nakan tuna da hakan idan ina kan layi ina jiran tashi. Filin yana sama da teku da ƙafa 1,500 da 'yan kai, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 iskar takan yi sirantar da jirgin zai ji kamar yana wajen ƙafa 5,000. Za ka gani da idonka, titin yana ta ƙarewa jirgin yana nawar tashi, hawan ma a hankali. Daga nan in juya kudu, in kashe taswirar GPS, in kama titin Zariya da layin dogo, ruwan Tiga yana ƙyalli can ta hagu. Gine-ginen na'ura ce ta tsayar da su daga hoton sama, don haka ba za ka gane gidanku ba, amma tituna da koguna da gonaki suna nan inda Allah ya ajiye su. Na san ƙasar nan ta tagar mota tun ina yaro, sai ga shi ina koyonta sabuwa da agogo da kamfas.

Ranar da na kunna yanayi na gaskiya a watan Janairu, hazo ya rufe komai, ƙasa da sama suka zama launi ɗaya. Nan na fahimci dalilin da ake soke tashin jirage a wannan lokaci, abin da a da nake jin haushinsa a matsayin fasinja. Babu abin dubawa sai agogunan gabanka, da allurai biyu na ILS, na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka, ɗaya tana cewa hagu ko dama, ɗaya sama ko ƙasa, har fitilun gefen titi su bayyana, biyu fari biyu ja idan kana kan daidai. Wannan fannin ne kwaikwayo ya fi ƙarfi a kai tun asali. Akwatin da Edwin Link ya ƙera a 1929, wanda aka horar da dubban ɗaruruwan matuƙa da shi a yaƙin duniya na biyu, rufe mutum ake yi a cikinsa ya tuƙa da agogo kaɗai.

Daga baya na shiga VATSIM, wani dandali na intanet inda mutane na gaske suke zama a matsayin jami'an hasumiya, kyauta, suna ba ka izini da murya. Abin kunne mai makirufo mai arha ya isa. Ranar da na fara danna maɓallin magana sai da tafin hannuna ya jiƙe, na rubuta duk abin da zan faɗa a takarda tukuna. Sararin samaniyarmu ba kasafai ake samun mai tsaronsa a can ba, kuma ina fatan matasanmu za su shiga su cike wannan gurbi.

Manyan jirage sai a ƙarshe na taɓa su, da Airbus A320 na FlyByWire da masu sa kai suka gina suke rabawa kyauta. Wata Asabar na ɗauki hanyar Jidda, sama da kilomita 3,000, ta kan Chadi da Sudan. Da na kusa Bahar Maliya na kira mahaifiyata. Ta zauna a gefen gado, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon ruwan. Ta ce, "Nan ne fa aka ce mu yi niyya." Na ce, "Saura kaɗan, Hajiya." Ba ta tashi ba sai da tayoyin suka taɓa ƙasa, ta ce in kai ta Madina wani satin.

Ɗan'uwan nan nawa ya ja mini kunne a kan iyakar abin, kuma na yarda da shi. Kujerar ɗaki ba ta danna ka ƙasa a kwana, cikinka ba ya faɗuwa idan iska ta saki jirgi, kuma awannin da ka yi a gida ba sa shiga littafin neman lasisi. Ya ce masu zuwa makaranta daga kwamfuta sukan kafe ido a kan agogo maimakon su duba waje, malamai sai sun yi aikin raba su da wannan. Amma sukan zo sun san tsarin magana da hasumiya, sun san karatun taswira, kuma wannan yana rage musu awannin da ake biya da tsada.

Har yanzu ban sayi sitiyarin jirgi ba, irin Honeycomb Alpha mai juyawa digiri 180 da kowa ke yabo. Na taɓa shi a wurin wani aboki, yana da daɗi a hannu ƙwarai, kuma shi ne ya dace da Cessna. Amma abin da yake damuna yanzu totur ne. Na fara koyon jirgi mai inji biyu, kuma ranar da aka kashe maka ɗaya a sama kana buƙatar hannu daban ga kowane inji, ɗan maɓallin da ke gindin sandata kuwa ɗaya ne tak. Kuɗin da nake tarawa can za su tafi, sitiyarin ya jira wata shekarar.