Godiya bayan baje kolin hotunan marinar Ƙofar Mata

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis na kare aikina na kammala digiri a gaban malamai, jiya Asabar kuma aka sauke hotunanmu daga bango bayan an rufe baje kolin ɗaliban ajin ƙarshe na sashen koyon aikin jarida. Saƙonni sun cika mini waya, ban iya bin kowa da amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Akwai mutanen da haƙƙinsu ke wuyana, wasunsu ma ba sa hawa Facebook, sai dai ina roƙon 'ya'yansu da jikokinsu su karanta musu.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, aikina jerin hotuna ne a kan marinar Ƙofar Mata da ke cikin birnin Kano, wadda ake cewa tun shekarar 1498 ake rini a cikinta. Irin hoton nan ne na adana tarihi, wanda ba a shirya mutum, ba a ce masa ya gyara tsayuwa ko ya yi murmushi. Zuwa ake yi a zauna da mutane har su saba da kai, sannan a ɗauki aikinsu yadda suke yinsa ko kana nan ko ba ka nan.

Don haka godiyata ta farko, bayan Allah, ga iyayena marina take. Baƙi masu kyamara ba sabon abu ba ne a wurinsu. Sun saba ganin 'yan yawon buɗe ido su zo su ɗauka su wuce, ba su ƙara jin ɗuriyarsu ba. Da na je tare da Yayana na gabatar da takardar makaranta, dattijon da ya karɓe mu bai ma buɗe ta ba. Cewa ya yi, "'Yata, hoton nan ina za ki kai shi, kuma me za a faɗa a kanmu?" Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ce to in fara zuwa ina zama tukuna, in ga yadda ake aikin. Haka aka yi. Makonnin farko kyamarar tana cikin jaka, ni kuma ina kan benci ina kallo ina tambaya. A nan na san cewa ramin rini ba a haɗa shi yau a tsoma zane gobe: ruwa ne da toka da kanwa da baba, a bar su makonni suna ruɓa, ana motsawa da doguwar muciya, har sai gwani ya duba kumfa da wari ya ce ya nuna. A nan na san cewa ɗaurin da ke fitar da zanen fure da da'ira a jikin yadi mata ne ke yinsa da zare a cikin gidaje, marini nasa tsomawa ne. Baba, Allah ya ƙara girma, ya ƙara lafiya. Wallahi da ka bar ni na fara ɗauka tun ranar farko, da abin da zan kawo makaranta bai wuce abin da kowane baƙo ke ɗauka ba.

Hoton da mutane suka fi tsayawa a gabansa jiya guda huɗu ne a jere na zane ɗaya. Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda ba: idan aka ɗago zane daga ramin, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rinƙa juyewa shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, shuɗin yana ƙara duhu. Abin ba ya jira, kuma marini ba zai tsaya don ke ba, tunda aikin mutane yake yi. Wani matashi a cikinsu shi ya gane abin da nake nema, ya riƙa yi mini alama da kai daidai lokacin da zai ɗago, ba tare da ya canza komai a aikinsa ba. Malam, na gode, hoton nan namu ne mu biyu.

Akwai kuma dattijon da ya ce shi bai yarda a ɗauki fuskarsa ba, saboda fahimtarsa ta addini. Na ce na ji, na kuma kiyaye. Daga baya shi da kansa ya miƙo mini hannuwansa ya ce, "Waɗannan dai ki ɗauka." Ruwan baba ya rina su har cikin farce da layukan tafin hannu, shuɗin da sabulu ba ya fitarwa. Hoton na nan a cikin aikin, babu fuska babu suna, kamar yadda muka yi alkawari. Ina gode wa mabuga ma, waɗanda suka ba ni wuri a ɗakinsu mai duhu suna dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi, suka kuma yi haƙuri da ni ina ta gyara kyamara saboda ƙarancin haske.

Sai malamina da ya duba aikin. Malam, Allah ya saka maka da Aljanna. Shi ya koya mana riƙe kyamara, da yadda ake daidaita buɗewar idonta da saurin ɗauka da ƙarfin karɓar haske, da dalilin da ya sa hasken hantsi da na la'asar suka fi na tsakar rana. Amma abin da ya fi tsananta mana a kai shi ne amana. Sharaɗinsa ne kowane hoto a kawo masa asalinsa yadda ya fito daga kyamara, ya ajiye kusa da wanda aka gyara. Ya yarda a ɗan daidaita haske, a yanke gefe, amma a goge leda daga ƙasa ko a ƙara wa shuɗi kauri don ya burge, wannan babu shi. Ya sha ba mu labarin abin da ya faru a 2006, lokacin da aka gano wani mai ɗaukar hoto ya ƙara hayaƙi da kwamfuta a hoton birnin Beirut, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da shi, ya kuma janye hotunansa gaba ɗaya. Shi ya sa a hotunana za ku ga ramukan da aka daina aiki da su, wasu shara ta cike su, kusa da waɗanda ake rini a ciki. Na so ƙwarai a ce ba haka wurin yake ba, amma haka yake, kuma marinan da kansu sun ce a nuna, ko Allah zai sa masu iko su gani. Yadi mai araha na ƙasashen waje ya ci kasuwarsu, yara da yawa kuma ba sa son gadon sana'ar.

Malam ne kuma ya buɗe mana ido da aikin 'yan ƙasarmu. Ya nuna mana hotunan marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun 1968 ya duƙufa ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara kusan dubu. Ya nuna mana aikin Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, wadda ta riƙa ɗaukar rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, a lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai labarin bam. Ranar da na ga aikinta na daina jin nauyin rataya kyamara a kan hijabina.

Abba da Umma, ban san da wane baki zan gode muku ba. Mutane sun yi magana, cewa me 'ya mace za ta yi da yawo da kyamara cikin maza. Abba bai ce musu komai ba, sai ya haɗa ni da Yaya ya ce ya riƙa kai ni yana ɗauko ni. Karatun ya ja, ga kullen korona a 2020, ga yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, amma ko sau ɗaya ban ji kun ce a haƙura ba. Umma, na san abin da kika sayar aka cika kuɗin wanke hotunan nan, ko da kin ce kada a faɗa mini. Allah ya ba ni ikon kyautata muku. Yaya, ka sha rana da ƙurar hunturu saboda ni, Allah ya ba ka mace ta gari.

'Yan ajinmu, kyamarorin sashe ba su ishe mu ba, karɓa-karɓa muka yi ta yi. Na gode wa ƙawata da ta bar mini ranakunta lokacin da aka haɗa sabon rami, da wanda ya ara mini batir da katin ajiya, da wanda ya kwana yana taya ni rubuta bayanin ƙarƙashin hotuna, kowane da wuri da rana da abin da ke faruwa. Ku je ku nemi ayyukansu ma, akwai wadda ta yi a kan 'yan garuwa, akwai wanda ya yi a kan majema. Na gode wa ma'aikacin ɗakin kayan aiki da ya share mini ƙurar da ta shiga cikin kyamara, da mai shagon wanke hoto da ya sake buga mini wasu ba tare da ya ƙara ko sisi ba, don shuɗin ya fito daidai da na zanen.

Duk wanda ya tako ya zo, da wanda ya yi addu'a daga nesa, Allah ya bar zumunci. Marina uku sun zo da kansu cikin manyan riguna, Malam ya tashi ya ba su kujerun gaba, kuma wannan ya fi mini makin da aka ba ni daɗi.

Masu tambayar ko zan sa hotunan a intanet, zan sa wasu, amma sai na koma na nuna wa masu su sun amince, don izinin da na nema na makaranta ne. In sha Allahu ranar Talata zan kai wa kowa nasa kwafin a hannu. Masu son zanen kuma, ku je Ƙofar Mata ku saya daga hannun masu yinsa, kuna iya kai farin yadinku ma a rina muku.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a abin da muka koya. Amin.