Butar Inna da karatun da ya kawo ni Ingila

Da azumin 2021 hawan jini ya kayar da Inna a bakin murhu, saura kamar awa guda a sha ruwa. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. A lokacin ina aikin gashin ƙashi a wani asibiti a Kano, bayan na yi shekara biyar a Jami'ar Bayero, na yi shekarar sanin makamar aiki, na yi bautar ƙasa. Saboda haka duk gidan ni aka zuba wa ido. Kullum da sassafe sai na biya na motsa mata gaɓoɓi kafin in wuce aiki, da yamma in dawo mu yi tashi da zama, mu yi tsayuwa a jikin bango. Cikin wata huɗu Allah ya dafa mana, ta fara takawa da sanda daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin darbejiyar tsakar gida. 'Yan dubiya suna ta yi mini sannu da ƙoƙari.

Wata rana bayan la'asar na shigo na tarar da ita a kan tabarma, buta a gefe ta kife, ruwa ya jiƙa mata zani. Hawaye take yi ba sauti. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Uwata, ƙafar nan da kike ta murna a kai, ina za ta kai ni? Banɗaki za ta kai ni. In na je can kuma sai na ƙwala wa matar ɗana kira ta zo ta yi mini tsarki."

Na durƙusa na ɗauke butar, na rasa abin cewa. Na san sunan kowace tsoka da ke hannun nan nata, na san jijiyar da ke ba ta umarni. Amma yadda mace mai hannu ɗaya za ta riƙe buta, ta zuba ruwa, ta wanke jikinta a lokaci guda, ban taɓa zama na yi tunaninsa ba.

Akwai sana'ar da aikinta ke nan. A asibiti O.T. kawai ake ce mata, wato okufeshonal terafi, kuma har yau ban ji sunan Hausa da ya zauna mata daram ba. Mutane da sun ji sunan sai su ɗauka sama wa marasa aiki aiki muke yi. Abin da ake nufi shi ne duk harkar da ke cika wa mutum yininsa: wanka, sa tufafi, girki, salla, zuwa kasuwa, riƙe alƙalami ga ɗan makaranta, komawa kan keken ɗinki ga tela. Mai gashin ƙashi yana tambaya ko hannu na ɗaguwa. Mu tambayarmu ita ce me mai hannun yake so ya yi da shi, kuma idan hannun ya ƙi, ta ina za a ɓullo wa aikin. Inna ce ta raɗa wa abin sunan da nake amfani da shi. Idan ƙawayenta suka tambayi inda na tafi, sai ta ce na tafi karatun koya wa mutum hidimar kansa.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A 1917 aka kafa ƙungiyarta ta farko a Amurka, kuma ta samu gindin zama ne wajen jinyar sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana koya musu saƙa da sassaƙa don hannu da zuciya su farfaɗo tare. A nan Ingila wata likita, Elizabeth Casson, ita ta buɗe makarantar farko a Bristol a 1930. A gida Najeriya akwai makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas, akwai kuma digirinsa a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Amma duk shekarun da na yi ina aiki, ban taɓa haɗa majinyaci ɗaya da mai wannan sana'a ba.

Da yake ina da digiri a fannin lafiya, hanyar da ta fi mini kusa ita ce digiri na biyu na shekara biyu da jami'o'in Birtaniya suke yi wa wanda zai shigo sana'ar daga wani fanni. Ba zan ɓoye wa kowa wahalar zuwan ba. Na fara tara kuɗi fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin in biya kason farko na kuɗin makaranta fam ya haura naira 2,000. Filin da na gada a wajen Baba ya tafi, 'yan kunnen aurena suka bi shi, Yaya ya cika sauran. Ga jarrabawar Turanci ta IELTS, ga kuɗin biza, ga kuɗin kula da lafiya fam 776 na kowace shekara da ake biya tun kafin a taso. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar da ta fara aiki a Janairun 2024, wadda ta hana masu irin karatuna zuwa da iyali. 'Yata tana da shekara huɗu na bar ta da babanta da ƙanwata, a Satumban 2024. Daren da zan taso sai da na jira ta yi barci.

Karatun kansa gudu ake yi, domin abin da wasu ke yi a shekara uku mu a biyu ake so mu haɗiye shi. Ƙungiyar sana'ar ta duniya ta shar'anta awa 1,000 na horo a wurin aiki kafin a yarda mutum ya ƙware, sai an cika su sannan HCPC, hukumar da ke kula da irin waɗannan sana'o'in lafiya a Birtaniya, za ta yi maka rajista. Horon nan yini guda ake yi, kwana biyar a mako, ba a biyan ko sisi. Bizar ɗalibi kuma awa 20 kawai ta yarda ka yi aikin kuɗi a mako lokacin karatu. Ni a gidan kula da tsofaffi nake yin nawa, Asabar da Lahadi. Da hunturu ina fita da duhu in dawo da duhu, azahar da la'asar da magariba duk su same ni a asibiti.

A zangon farko aka ba mu aikin da ya sa na tabbatar ban yi ɓatan kai ba. Aka ce kowa ya zaɓi wani aiki na yau da kullum ya feɗe shi gaɓa-gaɓa: wane motsi yake bukata, wane tunani, wane kaya, a wane irin wuri. Abokan karatuna suka zaɓi haɗa shayi, ɗaure igiyar takalmi, goge baki. Ni na zaɓi alwala. Na zauna a ɗakina da buta da agogo ina yi ina rubutawa. Tsuguno na neman ƙarfin cinya da daidaiton jiki. Karkata buta na neman wuyan hannu mai juyawa. Jeranta gaɓoɓi na neman ƙwaƙwalwar da ba ta rikice ba. Wanke ƙafa na neman mutum ya sunkuya ba tare da ya kifa ba. Sai kuma cuccuɗawa, wadda a mazhabarmu ta Malikiyya farilla ce, ba a wadatuwa da kwarara ruwa kawai. Nan na ga ainihin inda Inna ta maƙale: damtsen dama, hannun hagu ne ke cuɗa shi, shi ne kuma ya mutu. Shafi shida na rubuta. Malamarmu ta kira ni ofis ta ce in yi wa ajin bayani, domin garin da muke cike yake da tsofaffin Musulmi 'yan asalin Pakistan da Bangladash, ɗaliban kuma za su haɗu da su.

Akwai abin da na daɗe ina kokawa da shi a raina. Kusan kowace takardar gwaji da ake ba mu, abin da take aunawa shi ne ko mutum na iya yin abu shi kaɗai. A asibitocin nan, kafin a sallami tsoho sau da yawa sai an kai shi wani ɗan kicin an ce ya haɗa shayi, muna tsaye muna lura: ya tuna ya kunna butar lantarki, ya kiyaye ruwan zafi, ya ga kofin da ke ɓangaren da ya shanye. A horona na farko na yi wa wata tsohuwa 'yar shekara tamanin da wani abu wannan gwaji, hannunta na rawa, madara na zuba. Zuciyata ta yi ta tafasa. Ina 'ya'yanta? A gidanmu wa zai bar uwarsa ta ɗaga tukunya alhali yana numfashi? Mu da muke neman albarka da hidimar iyaye.

Da muka koma gadonta na tambaye ta ko ba za ta fi son komawa wajen 'yarta ba. Ta ce 'yar ta yi ta roƙonta. Amma shekara hamsin ke nan tana tashi ta haɗa shayinta a kicin ɗinta, ta zauna a bakin taga inda mijinta yake zama kafin ya rasu, kuma ranar da wani ya fara miƙo mata kofin nan, ranar ta zama baƙuwa a duniya. Ina jin haka sai na ga Inna da butarta a kife. Inna ba ta taɓa cewa tana son ta koma daka ko wanki ba. Jikoki su yi mata, tana jin daɗi, tana sa musu albarka. Abu biyu kawai take so a bar mata: tsarkinta da alwalarta. Kowace tsohuwa da nata abin da ba ta so a karɓe mata, kuma ba za ka san shi ba sai ka tambaya.

Shi ya sa a cikin kayan aikin da aka koya mana na fi ƙaunar wani ma'auni da aka fito da shi a Kanada a 1991. Ba ya zuwa da jerin abin da ya kamata mutum ya iya. Majinyaci ne zai faɗi abubuwan da suka dame shi, ya zaɓi biyar mafi muhimmanci, ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10 a kan yadda yake yin su da yadda ransa ya gamsu. Wannan zan iya ɗauka in kai shi Kano yadda yake. Sauran kuwa sai na sake musu ɗinki. Littattafanmu suna maganar bahon wanka da matakalar bene da masai na zama. Ni ina karantawa ina juya su zuwa bokiti da kwanon wanka, da dokin ƙofa, da masan tsuguno, da cin tuwo a ƙasa. Ina da wani littafin rubutu daban da nake tara waɗannan. A ciki na rubuta yadda za a ɗaura zani da hannu ɗaya, da dokar sa riga ga mai shanyewar jiki: hannun da ya mutu shi ke fara shiga, shi ke ƙarshen fita. Na rubuta cewa robar tiyo idan aka zura mata cokali tana ƙara masa kauri ga mai raunin damƙa. Duk kayan da na gani a nan sai na tambayi kaina ko mai walda ko kafinta a unguwarmu zai iya yin irinsa.

Maganar Inna kuwa, ta waya muka ƙarasa ta. Tun kafin in taso na ajiye mata bokiti mai famfo, irin wanda ya yaɗu lokacin korona, don ta huta da riƙon buta. Bayan aikin nan na alwala sai na kira Yaya na ce ya ari tef a wajen tela, ya zaunar da ita ya auna daga bayan gwiwarta zuwa ƙasa. Da wannan awo mai walda ya yi mata kujera mai huda da madafa biyu, aka ɗora a kan masai, aka kafa ƙarfen dafawa a bangon dama. Aka yi wata kujerar a gindin bokitin, aka ɗaga shi daidai ƙirjinta. Na nuna mata a bidiyo yadda za ta ɗauko hannun hagu ta ɗora shi a cinya, ta jiƙa damtsen dama a bakin famfo, sannan ta zura shi ƙarƙashin tafin hagun tana ja tana turawa, mai lafiyar yana cuɗa kansa a jikin maras lafiyar. Ban yarda na yanke hukunci da kaina ba. Yaya ya je ya tambayi limamin unguwa, a kan wannan da kuma tsarki da hannun dama saboda larura, ya ce ya wadatar.

Sati uku tana gwadawa. Wata Juma'a ina cikin bas zan tafi asibiti, wayata ta yi ƙara, saƙon murya ne daga wayar ƙanwata. Ina jin ƙarar ruwa a bokiti, ina jin muryar 'yata a gefe tana cewa ita ce za ta rufe famfo. Sai Inna ta ce, "Uwata, yau ni na yi abata tun daga farko har ƙarshe. Saura ki dawo ki duba mini maganar ɗaurin ɗankwali."

Saura mini horo ɗaya da kundin bincike. Na riga na fara tambayar yadda zan yi rajista da MRTB, hukumar da ke kula da sana'armu a Najeriya, idan na koma, ɗankwalin kuma na sa shi a shafi na gaba na littafin.