Hoton maƙwaƙwafin da na cire daga bango

Ranar Asabar da ta wuce na fita da ɗan wani aminina zuwa dajin Rock Creek, nan cikin birnin Washinton. Yaron bai wuce shekara 19 ba. Ya tara kuɗin aikin hutu ya sayi kyamara, kuma ya daɗe yana damuna in kai shi ya ga babban maƙwaƙwafin ƙasar nan, wanda Amurkawa ke kira pileated. Ba mu yi tafiyar minti ashirin ba muka jiyo bugunsa daga can cikin kwari, bugu mai nauyi da ke farawa da ƙarfi ya mutu a hankali. Kafin in ce mu zauna, har yaron ya zaro waya yana laluben kukan tsuntsun zai kunna. Na cafke hannunsa.

"Kawu, lafiya? Ai kowa haka yake yi."

Kowa. Ni ma abin da na faɗa wa kaina ke nan a shekarar 2013.

Lokacin ina zaune a jihar Maryland, ina aikin dare, hutuna kwana ɗaya ne a mako. Bayan gidajenmu akwai ɗan daji, can nake zuwa in huce kewar gida. Ranar da na fara ganinsa tsayawa na yi cak. Girmansa ya kusa na hankaka, tsawonsa ya haura santimita 40, baƙi wuluk, da farin zane daga fuska zuwa wuya, ga jan tukku kamar an ɗora masa garwashi. Namijin yana da jan layi a kumatu, macen nata baƙi ne. Yana saran mataccen itace, ɓarɓashi na zubowa, wani ya kai tsawon yatsa. Ramukan da yake yi na neman abinci dogaye ne masu kusurwa huɗu, kai ka ce kafinta ne ya fafe su da kurfi, kuma abin da yake bi a ciki manyan baƙaƙen tururuwa ne da ke yin gida a ruɓaɓɓen itace.

A watan Afrilu na ga sabon ɓarɓashi a gindin wata matacciyar bishiya. Na ɗaga kai, sai ga kogo can sama, tsayin bene mai hawa uku. Sheƙa ce. Tsuntsun nan ba ya komawa tsohon kogo ya yi ƙwai, duk shekara sabo yake fafewa, aikin mako uku zuwa shida. Na san wannan, na karanta. Amma gilashin kyamarata gajere ne, duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar ɗigon tawada a jikin itace.

Sai na sauko da bugunsa daga intanet na kunna a gindin bishiyar. Ko minti ɗaya ba a yi ba namijin ya leƙo, ya fito fuu, ya sauka a kututturen da ke gabana, tukku a miƙe, yana waige-waige. Na samu hoton da ban taɓa samun irinsa ba. Hannuna har rawa yake yi.

Abin da na ƙi tsayawa in yi tunani a kai shi ne dalilin fitowarsa. Mace da namiji suna riƙe yankinsu duk shekara, ba sa ƙaura, kuma bugun nan shi ne shelarsu cewa wurin da mai shi. Da ya ji bugu a ƙofar gidansa, ya ɗauka wani namiji ne ya zo ƙwace. Shi da macen suke karɓa-karɓar kwanci na kwana 15 zuwa 18, dare ma namijin ne ke kwana a kan ƙwai. Ashe duk kiran da na yi, daga kan ƙwai nake tashinsa, cikin sanyin safiya.

Zan iya kare kaina, kuma na sha yi. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ni da na tashi a Zariya muna bin tsuntsaye da danƙo, gani nake na zama mutumin kirki tunda yanzu hoto kawai nake ɗauka. Mai hutun kwana ɗaya ina ya ga lokacin zaman jira? Duk gaskiya ne. Amma mako na biyu na koma da ƙaramin zarto na yanke reshen da ke tare mini bakin kogon, kuma wannan ba rashin sani ba ne, na ji a jikina ba daidai ba ne tun ina yankan. Sannan na ɗora hoton a wani zaure na Facebook, aka yi ta yabo, aka tambaye ni wurin, na kwatanta har da kwanar da za a bi. Asabar ta gaba na tarar da mutum shida a gindin bishiyar, biyu da waya a sama.

Aka yi kwana uku ana ruwa mai sanyi. Da na koma, shiru. Na zauna tun hantsi har azahar, babu mai shiga babu mai fita. A gindin bishiyar na tsinci ɓawon ƙwai fari, rabi, da laima a ciki. Na riƙe shi a tafin hannuna na daɗe.

Wani dattijo da ke yawo a dajin ya ce mini wataƙila maciji ne ko rakun, wata ƙaramar dabbar dajin ƙasar nan, tunda dukansu suna hawa itace, kuma sheƙa kan lalace ko ba hannun mutum. Na rungumi maganar nan shekaru. Har yau wani lokaci nakan ce ai mutum shidan nan sun fi ni laifi. To wa ya kai su? Wa ya buɗe ƙofar da zarto? Hoton ya yi shekara biyu a bangon falona kafin in sauke shi.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawarwari goma, ƙannena masu ɗaukar hoton tsuntsaye, amma ba su kai ba. Kada ka kunna kukan tsuntsu a daji. Ko sau ɗaya. A wurare irin Rock Creek da ke hannun hukumar gandun daji ta ƙasa an ma hana, kuma tun 1918 akwai dokar tarayya da ke kare tsuntsayen nan da ƙwansu da sheƙarsu. Amma ba don tsoron tara nake faɗa muku ba.

In ka ga sheƙa, ka rufe bakinka. Kada ka faɗa wa kowa, har ni. Kuma ka yi nesa da ita. Na san wanda bai matsa kusa ba ba zai taɓa sanin tsuntsun ba, ni ma a kusa na san shi, ban kuma ga yadda za a yi in hana ku abin da ya sa na kamu da sonsa ba. To ka matsa, amma a wurin cin abincinsa. Nemi kututture mai sababbin ramuka, ka je da sassafe, ka jingina da bishiya ka yi shiru. Yakan dawo inda ya samu tururuwa. In ya daina sara ya zuba maka ido, ka yi yawa, ja baya.

Abin da ke ci mini rai da ku shi ne ba kwa iya zaman minti goma. Kun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, wayar hannunku ma da manhajar Merlin tana gane tsuntsu daga kukansa, amma kafin tsuntsu ya gama sauka kun fara tunanin abin da za ku rubuta a ƙarƙashin hoton. Ko kallonsa ba kwa yi! Ku bar wayar a mota. Ko dai ku riƙe ta saboda ɓatan hanya, amma ta zauna a aljihu.

Yaron ya mayar da tasa aljihu, fuska a murtuke. Muka zauna a kan wani faɗaɗɗen gungume fiye da awa ɗaya. Macen ce ta zo, can nesa, ta yi sara kaɗan ta tashi, farin ƙarƙashin fukafukanta na walƙiya tsakanin itatuwa. Hoto uku ya samu, duk da reshe a gaba. A mota bai ce mini uffan ba, sai da na tuna masa ya duba ƙafafunsa da bayan gwiwa saboda kaska, don ta nan yankin tana sa ciwon Lyme. Ya ce to, Kawu. Jiya babansa ya kira ni, wai yaron na tambaya ko Asabar mai zuwa ina da aiki.