Abin da Na Koya a Sashen Kuɗin Shiga Bayan Ƙauyukanmu Sun Watse

Bana na bar aikin ƙaramar hukuma, bayan na shafe mafi yawan shekarun aikina a sashen tattara kuɗin shiga, a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin arewa maso yamma da ta'asar 'yan bindiga ta ɗaiɗaita ƙauyukansu. Abokan aikina na sauran sakatariyoyi sun san aikin ciki da waje, don haka ba zan tsaya bayanin littafin rasit da ranar kai kuɗi banki ba. Abin da nake so in rubuta a kai shi ne yadda kuɗin shigar ƙaramar hukuma yake ƙafewa idan jama'arta suka fara watsewa, da dalilin da ya sa manya suke zama na ƙarshen ganewa, alhali a kan ƙananan ma'aikata laifin yake sauka.

Mutane ba sa tashi daga gari rana ɗaya, kuma wanda yake fara kwashe iyalinsa shi ne wanda ɓarayin daji suka fi sa wa ido, wato babban dillalin shanu, da mai sayen hatsi yana tarawa, da mai injin niƙa, da mai kemis, da mai motar haya. Waɗannan kuwa su ne ginshiƙin abin da muke karɓa. Idan dillali guda ya koma Gusau ko Funtuwa ko Kano, kuɗin kara ya ragu, lodin tirela ya ragu, 'yan kamasho sun rasa abin da za su miƙa daga tasha, mai tuwo da mai shayi da suke biyan kuɗin rumfa sun rasa masu ciniki. Saboda haka kuɗin shiga yana faɗuwa da sauri fiye da yadda yawan mutanen yake raguwa. Gari yana iya kasancewa da sauran jama'a masu yawa, a cika masallacin Juma'a, amma a ce babu sauran wanda yake juya kuɗin da hukuma za ta yanki wani abu a ciki.

Akwai wata kasuwar mako da a da sai mun tura ma'aikata da yawa kafin su iya zagaye ta, tun daga 'yan hatsi har kara. Lokacin da na koma can bayan hare-hare sun tsananta, na tarar da turakun shanu a tsaye babu ko igiya a jikinsu, ciyawa ta rufe hanyar da ake bi da dabbobi zuwa wurin lodi, Sarkin Pawa kuma, wanda a da yake yanka shanu kafin hantsi, yana zaune da akuya guda da mahauta suka haɗa kuɗi suka saya. Malamin kasuwar ya miƙo mini littafinsa, na ga 'yan ganyayyaki kaɗan aka yaga a farko, sauran yana nan fes kamar yadda aka ba shi daga ofis. Daga baya, a watan Satumba na 2021, gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka ɗauki matakan hana 'yan bindiga samun abinci da man fetur, aka rufe kasuwanni da dama ko aka hana cinikin dabbobi a cikinsu, aka kuma katse layukan waya a yankuna masu yawa. Ko da aka sake buɗewa, fatake da yawa sun riga sun saba da wasu kasuwannin, ba su dawo ba. Kafin wannan ma, rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 ya riga ya rage masu zuwa daga Nijar, dubban mutanenmu kuma sun tsallaka jihar Maraɗi suna gudun hijira.

A cikin wannan hali aka turo mana sabon ma'aji. Da aka zo tsara kasafin kuɗi, sai ya ɗauki ƙiyasin shekarar da ta gabata ya ƙara wani abu a kai, kamar yadda aka saba yi a lokacin zaman lafiya, ya raba wa kowace kasuwa da kowace tasha abin da dole ta kawo. Na rubuta masa rahoto, gunduma bayan gunduma, na nuna kasuwannin da suka daina ci, da ƙauyukan da suka zama kufai, da waɗanda dagatansu da kansu suke zaune a hedikwata. Bai karanta ba. A taron shugabannin sassa ya ɗaga rahoton sama ya ce wannan ita ce sabuwar dabarar ɓarayin gwamnati, a ci kuɗi a ɗora wa 'yan bindiga. Na ce, "Ranka ya daɗe, mota tana nan, mu je ka gani da idonka." Ya amsa da cewa shi ba a turo shi yawon ƙauye ba, lissafi aka turo shi dubawa.

Ba zan yi musun cewa akwai sata a aikinmu ba, domin rasit na bogi da yanke kuɗi a hanya tsofaffin cututtuka ne, kuma na sha kama masu yi na kai su gaba. Amma mai satar kuɗin kasuwa yana bukatar kasuwar da take ci. Wanda ma'aji ya fara dakatarwa dattijo ne da ya yi shekaru yana riƙe da kasuwar da na ambata, bai taɓa samun giɓi a littafinsa ba, kuma shi kansa a lokacin yana zaman aro a gidan surukinsa domin an ƙone unguwarsu. An tsayar da albashinsa ana binciken kuɗin da ba a taɓa karɓa ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kowa a ofishin ya sani, amma ba wanda ya buɗe baki.

Daga nan sai ya miƙa karɓar kuɗin ragowar kasuwannin ga ɗan kwangila, aka ɗaga kuɗin rumfa da na kan dabba domin a cike giɓin. Na yi gargaɗi a rubuce cewa manoman yankin sun riga sun biya haraji sau ɗaya ga 'yan bindiga kafin a bar su su yi noma ko su girbe, kuma duk wanda aka ƙara wa nauyi a kasuwa zai nemi wata hanya. Haka kuwa aka yi. Ciniki ya koma zaurukan gidaje da bakin hanya, masu dabbobi suka riƙa wucewa kasuwar maƙwabciyar ƙaramar hukuma, abin da aka tara ya gaza na da. Sakamakon gargaɗin da na yi shi ne takardar tuhuma, wai na yi wa umarni zagon ƙasa, sannan aka ɗauke ni daga sashen aka kai ni ɗakin ajiyar fayil. Shi kuwa ma'ajin, da wa'adinsa ya cika, an ba shi wata ƙaramar hukumar da ta fi tamu girma.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa mutum mai ilimin lissafi ya kasa ganin abin da yaron mota yake gani, har na fahimci cewa tsarin rabon kuɗin ne yake rufe wa manya ido. Ƙananan hukumomi 774 suna samun kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma idan aka zo rabawa a tsakaninsu, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, ragowar kuma bisa faɗin ƙasa da ayyukan jin daɗin jama'a da ƙoƙarin tara kuɗin cikin gida. Yawan jama'ar da ake dogaro da shi kuwa tushensa ƙidayar 2006, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ma'ana, ƙauyen da ya zama kufai har yanzu yana nan a takarda da mutanensa, kuma kason wata yana zuwa kamar ba abin da ya faru. Tunda da wannan kason ake biyan albashi da alawus, ciyaman da ma'aji ba sa jin zafin tashin jama'a a jikinsu. A birnin Detroit na Amurka, wanda ya sauko daga mutum sama da miliyan 1.8 a 1950 zuwa kimanin dubu 700 a 2010, raguwar jama'a ta cinye harajin gidaje da na albashi har birnin ya bayyana karayar arzikinsa a 2013, kowa ya gani. Mu a nan ba a bayyana komai, sai dai a wayi gari babu kuɗin gyaran famfo, babu na kwashe shara, babu man motar asibiti, domin waɗannan ƙananan hidimomi daga ɗan abin da muke tarawa ake yin su.

Su kuwa hidimomin ba sa raguwa don mutane sun ragu. Malamin firamaren da makarantarsa ta watse yana nan a takardar albashi, kuma haƙƙinsa ne, haka ma ma'aikacin ɗakin shan magani da aka rufe. Hanyar da ake gyarawa ga garuruwa da yawa tsawonta bai canza ba don saura gari ɗaya a kanta. A hedikwata kuma abin ya juye, gari ya cika maƙil da 'yan gudun hijira a makarantu da kangwaye, bukatar ruwa da magani ta ninka, amma ba za ka kai wa matar da take sayar da itace don ciyar da marayu rasit ba, ni dai ban taɓa yarda an yi hakan a ƙarƙashina ba. Ƙaramar hukumar da ta karɓi baƙi daga maƙwabciyarta tana ɗaukar nauyinsu, kasonsu kuma yana tafiya inda suka baro.

Dattawan da na gada a ofis sun yi aiki a zamanin haraji da jangali, kafin gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna su soke su a jamhuriya ta biyu. Ba na kewar wannan haraji, domin zaluncin da aka yi wa talakawa da sunansa sananne ne. Sai dai a wancan lokaci duk shekara mai unguwa da dagaci da hakimi suna rubuta magidanta da dabbobi, ta yadda idan gari ya fara raguwa En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, tana sani tun a shekarar. Da aka bar harajin, sai aka bar ƙidayar tare da shi, ba a kuma kawo abin da zai maye gurbinta ba. Yau ƙaramar hukuma tana iya rasa gunduma sukutum ba tare da wata takarda ta hukuma ta nuna hakan ba.

Sauran abin da na koya gajeru ne. Duk rahoton da ma'aikaci zai miƙa wa na sama da shi, ya sa a buga masa hatimin karɓa, ya ajiye kwafi a gida. Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa sun fi kowane fayil sanin inda ciniki ya dosa. Idan kasuwa ta fara mutuwa, rage kuɗin rumfa ya fi ƙara shi kawo kuɗi, ko da yake ban taɓa samun shugaban da ya yarda a gwada na tsawon lokaci ba.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maimakon bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma na yi murna da hakan. Amma ko kuɗin sun zo kai tsaye, da lissafin mutanen 2006 za su zo, kuma hannun wanda bai taɓa taka ƙauyen ba za su shiga. Dattijon da aka dakatar an mayar da shi bakin aiki bayan odita ya kasa samun komai a kansa, sai dai har na bar aiki ba a biya shi albashin watannin da aka riƙe ba, takardar tuhumata kuma ba wanda ya janye ta.