Abin da Na Gani Game da Rigunan Sanyaya Jiki a Gefen Tanderu

Ni ke kula da ma'aikatan gyara a wata masana'anta da ake narka ƙarfe. Yarana masu walda ne da masu gyaran injina. Wasu a gefen tanderu suke wuni, wasu a saman rufi suna fama da bututun hayaƙi, wasu kuma sai sun sa rigar kariya mai kauri wadda iska ba ta ratsawa kafin su shiga wanke tanki. Wuta ba ta cika ba ni tsoro ba, domin kowa yana ganinta yana kauce mata. Abin da ke hana ni barci shi ne zafin da ke taruwa a cikin jikin mutum sannu a hankali, har ya kai shi bakin halaka shi kansa bai sani ba.

Jikin ɗan Adam yana zama ne a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafin ciki ya haura 40, ƙwaƙwalwa takan rikice, mutum ya fara sambatu ko ya yanke jiki ya faɗi, kuma in ba a yi gaggawa ba sai a rasa shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta a 2024 cewa ma'aikata biliyan 2.41 ne ke aiki cikin zafin da ya wuce ƙima, kuma zafin na kashe 18,970 daga cikinsu a kowace shekara. Don haka ranar da masu kamfani suka yarda a sayo mana rigunan sanyaya jiki, na yi murna har cikin raina. Kusan kowane iri sai da ya ratsa ta hannunmu, kuma a kan abin da zan faɗa ni ganau ne.

Da falmaran mai ƙanƙara muka fara. Tana da aljihuna gaba da baya, ana cusa ledojin ruwa da suka daskare a firiza. Mintunan farko sanyinta har cizo yake yi, dole mutum ya sa singileti ko wata riga a ciki. Sanyin da ya yi yawa ma ba alheri ba ne, saboda jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata sukan tsuke idan suka ji shi, sai jinin da ya kamata ya kwaso zafi daga ciki zuwa fata ya ragu. Fata ta yi sanyi, ciki yana nan yana tafasa. Sannan a gefen tanderu ƙanƙarar ba ta daɗewa, domin zafin wurin yana cinta ta waje kamar yadda jiki ke cinta ta ciki.

A nan ne na zauna na yi lissafi, kuma wannan lissafin ya fi komai amfane ni. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafi kilojul 334 kafin ya narke (kilojul ma'auni ne na yawan zafi). Mutumin da ke aikin ƙarfi matsakaici jikinsa na haifar da zafi kusan kilojul 20 a kowane minti. Ke nan ko da dukkan sanyin ƙanƙarar jikinsa ya shiga, ba ko ɗigo da ya zurare wa iska, kilo ɗaya bai kai ya ɗauke masa zafin minti 20 ba. Zufa kuwa, lita ɗaya idan ta bushe a kan fata, tana tafiya da kusan kilojul 2,400, wato aikin ƙanƙara kilo bakwai. Allah ya riga ya ba jiki na'urar sanyaya kansa wadda ta fi duk abin da muke saye ƙarfi. Amma sai zufar ta bushe a jikin take aiki, wadda ta tsiyaye ƙasa ta tafi a banza. Daga ranar, duk rigar da aka kawo mini tambayata ta farko ita ce: nawa za ta ba jiki, nawa kuma za ta hana zufa yi? Falmaran da ƙanƙararta ta gama narkewa ba ta ba da komai, sai nauyi da toshe ƙirji da baya, wuraren da zufa ta fi buƙatar iska. Mutum ya fi samun sauƙi ba ita sam da ya ci gaba da yawo da ita a haka.

Wadda ta fi karɓuwa a wajen masu aikin tanderu ita ce mai fakitin wani sinadari dangin kakin da ake yin kyandir da shi, wanda ke daskarewa tun bai kai sanyin ƙanƙara ba. Akwai mai narkewa a digiri 15, akwai 21, akwai 28. Sanyinta mai laushi ne, ba ta jiƙa tufafi da raɓa sosai, kuma ba sai an sami firiza ba: a tsoma fakitin cikin bokitin ruwan ƙanƙara ya sake daskarewa. Nauyi da nauyi ba ta kai ƙanƙara shanye zafi ba, amma tana sakin sanyin a hankali, mutum ya jure ta tun daga farko har ƙarshe. Mai digiri 28 wasu sun raina ta, suna cewa ba sa jin komai. Mai 15 ce suka fi nema, ko da yake ta fi saurin ƙarewa.

Akwai mai arha, wadda ake jiƙawa da ruwa a matse a sa. Aikinta irin na randar ƙasa ne, ruwan da ke bushewa a bayanta shi ke sanyaya abin da ke ciki. A busasshiyar iska mai kaɗawa tana yin abin kirki. Idan iska ta cika da laima, ko aka ɗora wata riga a kanta, ta tashi daga aiki. Masu wankin tanki na hana su ita gaba ɗaya, domin a ƙarƙashin rigar da iska ba ta shiga ruwan ba shi da inda zai je.

Riga mai fanka kuwa sai da aka yi ta dariya ranar da ta iso, saboda tana kumbura mutum. Ƙananan fankoki biyu ne a kwiɓi masu amfani da batir, suna zuƙo iska su zagaya da ita jiki ta fita ta wuya da hannuwa. A Japan aka ƙirƙiro ta, wani tsohon injiniyan kamfanin Sony mai suna Hiroshi Ichigaya ne ya fito da ita kasuwa a 2004, kuma yanzu ta zama ruwan dare a wajen maginan can. Ina ganin hikimarta, domin maimakon ta yi gasa da zufa, taimaka mata take yi ta bushe. Masu gyaran injina sun so ta ƙwarai. Sai dai iyakarta a fili take. Zafin fatar mutum yana wajen digiri 35, to idan iskar wurin ta zarce haka nesa, fankar zafi take hura masa, kuma ranar da zufarsa ta ragu saboda ƙarancin ruwa sai ta koma cutarwa. Masu walda ban yarda su sa ba, don yadin irin wanda muka samu ba ya jure tartsatsi, ga shi tana zuƙo hayaƙi da ƙura.

Masu shiga tanki su suka fi ba ni tausayi, kuma su ne riga ta fi yi wa rana, tunda zufarsu ba ta da hanyar bushewa ko kaɗan. A gare su muka koma ga falmaran da ake haɗawa da tiyon iskar kwamfiresa, iskar ta bi ta wani ɗan bututu da ke raba ta gida biyu, mai zafi ta fita waje, mai sanyi ta shiga riga. Sanyinta ba ya ƙarewa muddin inji na aiki, illarta kawai mutum yana ɗaure da tiyo. Akwai kuma mai siraran bututun da ruwan sanyi ke zagayawa ciki, wadda aka fara yi wa matuƙan jirgin sama a Farnborough ta Ingila a farkon shekarun 1960, daga baya 'yan sama jannatin Apollo suka sa irinta a ƙarƙashin kayansu. Ita ce ta fi kowace ƙarfi, ita ce kuma ta fi wahalar kulawa.

Sayen rigar shi ne mai sauƙi. Abin da ya ci mini lokaci shi ne tsarin musanya. Kowane mutum sai da fakiti kashi biyu, ɗaya a jikinsa ɗaya yana daskarewa. Kular ajiya dole ta kasance kusa da wurin aiki, domin wanda zai yi doguwar tafiya kafin ya canza ba zai je ba, zai ci gaba da aiki da narkakkiya. Na ɗora wa mutum ɗaya a kowane zubi alhakin duba fakitoci da kiran mutane idan lokacin canji ya yi. Sai ɗaurawa: falmaran da ke lilo a jiki iskar wurin take sanyayawa, dole ta manne. Sai wanki, don ba wanda zai so sa rigar da ta sha zufar wani, kuma idan aka bar ta haka ƙuraje ke biyo baya.

Rigimar da na fi shiga ba a kan riga ba ce, a kan hutu ce. Bayan an kashe kuɗi, wani daga cikin manya ya kira ni ofis ya ce tunda yanzu yara suna da abin sanyi, sai a rage lokacin hutu. Na ce masa, "Yallaɓai, rigar nan fata take sanyayawa kafin ciki. Mutum zai ji daɗi ya ƙara ƙaimi, alhali zuciyarsa na bugawa da sauri, zafin cikinsa na hawa. Idan muka janye hutu, mun ɗauke masa ƙararrawar da ke gargaɗinsa, mun kuma ƙara masa aiki." Mun daɗe muna ja, daga ƙarshe aka bar hutun yadda yake.

Su ma ma'aikatan sai da na sa musu ido. Wani dattijon mai walda, wanda ya girme mu duka, na lura gorar ruwansa tana wuni a cike tun da ya fara sa falmaran. Na ce, "Baba, yau ban ga ka sha ruwa ba." Ya ce, "Ai ɗana, ba na jin ƙishi yanzu." To jiki bai daina zufa don an sa riga ba. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, tana ba da shawarar kofi ɗaya na ruwa, kusan rubu'in lita, duk minti 15 zuwa 20 ga mai aiki cikin zafi, ba tare da jiran ƙishirwa ba, kuma kada a wuce kusan lita ɗaya da rabi a awa. Da wannan muke aiki, da riga ko babu.

Sabbin ma'aikata ma riga ba ta maye musu gurbin sabo. Jiki na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya koyi yin zufa da wuri kuma da yawa. Shi ya sa sabon zuwa kashi 20 cikin ɗari na aikin zafi yake yi a ranar farko, ana ƙara masa kaɗan kaɗan. Hukumar OSHA, mai sa ido kan kariyar ma'aikata a Amurka, ta ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na waɗanda zafi ke kashewa a bakin aiki cikin makonsu na farko suke mutuwa. Wanda ya dawo daga doguwar jinya ko hutu, shi ma a sahun sabbi nake sa shi.

Na kuma koya wa kowa abin yi idan wani ya fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko ya faɗi. Ba a dogara da falmaran a wannan lokacin. A cire masa ita da duk kayan kariya, a kai shi inuwa, a tsoma shi a ruwan sanyi ko a yi ta kwara masa ana fifita, wani kuma ya kira motar asibiti nan take. Sanyaya shi shi ne kan gaba, ko a hanya ba a dainawa.

Masu aikin saman rufi ne har yanzu ban samo musu rigar da ta gamsar da ni ba. Rana ta sama, kwano mai zafi ta ƙasa, ga ɗamarar kariya daga faɗuwa da ke danne falmaran, ga nisa da kular musanya. Ƙasar Katar tun 2021 ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na rana tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba, ta kuma ce a tsayar da aiki duk lokacin da ma'aunin WBGT, mai haɗa zafi da laima da iska da hasken rana, ya haura 32.1. Na sa an sayo mana wannan ma'aunin, na rataye shi a inda mutanen ke tsayawa. Aikin rufi yanzu da asuba muke fara shi, kuma da zarar ma'aunin ya kai iyakar da muka sa, kowa sai ya sauko, ko an gama ko ba a gama ba.