To, yanzu me kuke so in yi?

Shekarar da aka ba ni sakataren ƙungiyarmu ta taimakon marayu a Tudun Wadan Zariya, wata guda na yi ina haɗa rahoton shekara. Da Turanci na rubuta shi, bango mai sheƙi, hoton shugaba a gaba, na 'yan kwamiti a baya, sai lissafin kuɗi jere reras. Na kai wa wani dattijo mai shagon yadi a kasuwar Sabon Gari, wanda bai taɓa fashin ba mu gudummawa ba. Ya buɗe shafi biyu, ya aje shi kan bandir ɗin shadda, ya dube ni. "Sannu da ƙoƙari, ɗana. To, yanzu me kuke so in yi?" Na ce, "Baba, ai rahoto ne kawai." Ya sa mini albarka, na tashi. A shekarar nan ko sisi bai ƙara ba, kuma ba laifinsa ba ne, don ban roƙe shi komai ba.

Ƙannena masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa, ga inda na ɓata: na gwama takarda biyu. Ƙungiyar da ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta mata miƙa bayananta duk shekara. Wannan na hukuma ne, a yi shi tsaf. Amma mai ba ku buhun masara ko kuɗin makarantar yaro, tambayarsa daban ce: ina abin da na bayar ya shiga, me kuma ya rage? Ku amsa masa da Hausa, a shafi ɗaya ko biyu, sannan ku karanta shi da murya ku tura ta WhatsApp, domin da yawa cikin iyayenmu mata masu sadakar Juma'a sun fi sauraro a kan karatu.

Ku faɗi abin da ya gagara. Na ɓoye cewa wasu yaran da muka biya wa kuɗin makaranta sun daina zuwa, saboda ba su da kayan makaranta. Zariya kuwa ba ta riƙe magana, labarin ya riga rahoton shiga gidaje. Da na rubuta gaskiya, ai ita ce roƙon da kanta.

Wanda har yau yake cin raina shi ne hoto. Na sa fuskar wata baiwar Allah tana karɓar shinkafa ba tare da na nemi izininta ba. Ta same ni a ƙofar gida, muryarta ƙasa-ƙasa: "Malam, dangin mijina sun ga hotona." Daga ranar hoton buhu muke ɗauka, ba na mai karɓa ba.

Ku kuma duba lokaci. Ni bayan Babbar Sallah na raba nawa, layya ta gama da aljihu. Ku fitar da naku a watan Sha'aban, lokacin da mutane ke shirin ciyarwar azumi.

Da shekara ta zagayo na koma wajen Baba da takarda ɗaya. Layin ƙarshe ya faɗi adadin yaran da ke zaune gida don rashin kayan makaranta, da ranar da za a koma hutu. Ya sa yaron shagonsa ya karanta masa har sau biyu, sannan ya jawo almakashi, ya ce, "Ɗana, yadi nawa ke yi wa ɗan firamare riga da wando?"